Kukan masu noma da kiwo daga ƙasar Daura

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya mu mutanen karkara a nan ƙasar Daura, musamman mu da muka haɗa noma da kiwo a gida ɗaya.

Duk sanda aka tashi maganar noma a jarida ko a rediyo sai ka ji kamar manomi daban makiyayi daban, kamar ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. To mu nan ba haka abin yake ba. Daga Sandamu har Zango, daga Baure har Mai'adua, da wuya ka shiga gidan manomin da ya ɗan tsaya da ƙafarsa ba ka tarar da turke a bayan gida ba, ko shanun huɗa guda biyu ko saniya da maraƙinta, ga tumaki ga awakin mata. Fulanin da muke zaune da su tun kaka da kakanni su ma gero da dawa suke nomawa kamar kowa. Shi kansa marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, kowa ya san in ya zo Daura hutu sai ya je ya duba shanunsa. Sa shi ke ja mana garma, shi ke ja mana amalanke, kashinsa ne takin gona, in ciwo ko biki ya taso shi za a kai kasuwa. Ita kuma gona ita ke ciyar da shi da kara da harawa da dusa. In ɗaya ya faɗi ɗayan ma ya faɗi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne maganar lokaci. Gona tana da lokacinta, dabba tana da nata, kuma mafi yawan taimakon da ake cewa an kawo mana sai lokacin ya wuce yake isowa, ya zama ihu bayan hari.

Mutumin birni yana zaton wahalarmu a damina take, saboda lokacin yake ganin mu duƙe da fartanya in ya wuce a mota. Wallahi Edita ba lokacin da ya kai bazara tsanani ga mai dabba. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa a Yuni, nan ake gane wanda zai yi noma bana da wanda ba zai yi ba. Karan da aka tara tun kaka ya ƙare ko ya kusa, harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗora kan itace ko kan rufin ɗaki saura ɗan abin da ba a rasa ba, daji ya zama fako ko tsinke babu, iska mai zafi tana kwasar rairayi tana zubawa a ido. Tun kafin a kira assalatu mutum ya tashi, a ɗaura wa shanu amalanke a ɗora duro da jarkoki a tafi neman ruwa, in rijiyar kusa ta ja baya ko famfon burtsatse ya lalace sai ƙauyen gaba, a je a bi layi, kuma sa babba in ana irin wannan zafi ba ƙaramin ruwa yake sha ba, jarka ɗaya ba ta isarsa a wuni. An dawo a jiƙa dusa da ɗan gishiri ko kanwa, a daddatsa kara da adda a yayyafa mashi ruwa don ya yi laushi, yara su bazu ƙarƙashin gawo suna tsintar 'ya'yansa. Allah ya yi wa gawo albarka, itace ne da ke da ganye lokacin da daji ya bushe, da damina kuma ya kaɗe ganyensa ya bar gero ya sha rana, kuma duk manomi ya san geron da ke gindin gawo ya fi na ko'ina kyau a gonar. Amma je ka duba yadda ake sare shi yanzu saboda itacen girki da gawayi, wasu ma don su ba dabba ganye sai su yi mashi aski gaba ɗaya maimakon su rage reshe biyu uku su bar saura. Wannan mu ma da kanmu ya kamata mu tsawata wa juna a kai, masu unguwanni su sa baki.

A irin wannan lokaci ne dabba ke cin leda. Yunwa ta sa duk abin da ta gani sai ta kai baki, ledar da aka ƙulla gishiri ko mai ko tuwo aka yar a bola, tsumma, igiyar buhu. Sai ka ga saniya tana ci amma tana ramewa, ciki ya kumbura ƙashin baya ya fito, a yi ta ba ta magani a banza, sai ranar da mahauci ya yanka ya buɗe tumbi a ga dunƙulen leda. Duk wanda ke zuwa mayanka ya san wannan magana. Asarar da leda ke jawo mana ba ƙarama ba ce amma ban taɓa jin an ɗauke ta da muhimmanci ba.

To ka duba fa, wannan san da ya rame a watan Mayu har kana iya ƙirga haƙarƙarinsa, shi ne za a ɗora wa karkiya a watan Yuni a ce ya ja garma daga safe har rana ta take. Kuma kafin nan shi ne zai yi ta jigilar taki daga turke zuwa gona, amalanke bayan amalanke, a cikin rairayi mai zafi. In bai samu abinci ba ya yi kunya biyar sai ya durƙushe, ka buge shi ma zalunci ne don ba ƙiwuya ba ce, ƙarfin ne babu. Shi ya sa mai shanun huɗa yakan gwammace ya rage tuwon gidansa ya sayi dusa da ƙowa da angurya. Su kuma waɗannan a bazara ne farashinsu ke tashi, damin harawar da aka sayar da arha a kaka shi za ka dawo ka saya da tsada a wurin wanda ya ɓoye. In ka gaza ka ce bari ka sayar da ɗaya ka ciyar da saura, ka kai kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, sai ka tarar kowa ma abin da ya kawo shi ke nan, dabbobi duk a rame, dillali ya taya maka kuɗin da za ka ji kamar ka yi kuka. Da a ce akwai wani tsari na sayar da abincin dabbobi da rangwame a watan Afrilu da Mayu, ko a koya wa mutane yadda ake yanke ciyawa tun tana ɗanya a ƙarshen damina a shanya a adana, da injin niƙa kara a kowace gunduma, da an rage wannan wahala sosai. Cibiyar binciken dabbobi da ke Shika a Zariya ta daɗe tana aiki a kan irin ciyawa da waken dabbobi da ake shukawa musamman don kiwo, mu dai fatanmu abin ya fito daga Zariya ya iso ƙauye.

Sai ruwa ya faɗi. Nan ma wani tashin hankalin ne, don ruwan farko yana yaudara. Daminarmu a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, wata uku da ɗan ɗori, in ka yi jinkirin shuka gero ba zai kai ba, in ka yi gaggawa kuma ruwa ya ɗauke kwana goma sha sai shuka ta ƙone ka sake neman iri. Wasu ma binne suke yi tun ƙasa na bushe, su dogara ga Allah, in ruwa ya zo da ƙarfi sun riga kowa, in yayyafi ne kawai iri ya ruɓe ko tsuntsu da gara su cinye. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki da inda ake tsoron fari a tsakiya, wannan abu ne mai amfani ƙwarai, amma mutum nawa ne a ƙauye ya ji shi? Ya kamata a ce tun watan Afrilu gidajen rediyo suna ta maimaita shi da Hausa da Fulatanci, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, limamai ma su faɗa bayan sallar Juma'a. Su kuma dabbobi da suka sha yunwa, da ɗanyar ciyawa ta tsiro sai su afka mata, sai zawo sai kumburin ciki, kuma gyauron dawa da ke tsirowa a farkon damina yana kashe saniya cikin ɗan lokaci in ta ci da yawa, manya sun san wannan amma yaran da ake turawa kiwo ba duka suka sani ba.

Yanzu bari in zo kan taki, don nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, kuma ta gaji. Zamanin iyayenmu ana barin gona ta huta shekara biyu uku, yanzu an yi yawa, gonar da mutum ɗaya ya noma an raba wa 'ya'ya an sake raba wa jikoki, ba wanda zai iya barin ko taku ɗaya ya huta. A da bayan girbi Bafulatani zai zo ya sauka da garkensa a gonarka, shanu su ci kara su kwana su zuba maka taki, kai kuma ka ba shi damin gero ko biyu, matarsa ta kawo nono gidanka, kowa ya amfana. Yanzu kara ya zama kuɗi, kowa kwashe nasa yake yi tas, gona ta zauna tsirara iska na kwasar ƙasarta duk rani. Takin turke kuma ba ya isa, shanu biyu ba za su iya takin gona gaba ɗaya ba, sai dai bana ka zuba wa wannan ɓangare baɗi ka zuba wa wancan. Dole sai an haɗa da takin zamani.

A 2017 lokacin shirin takin shugaban ƙasa an sayar da buhun NPK naira 5,500, yanzu kuɗin ya ninka ya sake ninkawa har mutane sun koma sayen taki a tiya da kwano, ana ɗan ɗiba da yatsu uku ana sa wa gindin shuka. Mun ji ana cewa gwamnati na sayo taki tana sayarwa da rangwame, kuma ba za mu ƙi godewa ba, amma Edita shi taki lokaci gare shi. Ana sa NPK ne shuka tana ƙarama bayan noman firi, yuriya kuma ta biyo baya wajen maimai kafin gero ya yi ciki. Gero wata uku ne, wani irin ma bai cika kai haka ba. In aka yi bikin ƙaddamarwa ruwa ya riga ya zauna, kafin a kai ƙananan hukumomi, kafin a kai mazaɓu, kafin a rubuta sunaye a tantance, gero ya fitar da kai. Me za ka yi da shi lokacin? Shi ya sa wani in ya karɓa sai ya sayar wa ɗan kasuwa a nan take, sai a ce manoma ba su da godiya. Ba rashin godiya ba ne. A kawo taki a watan Afrilu, mutum ya saya ya ajiye a ɗaki ya san da abin da zai shiga damina, shi ke nan abin da muke roƙo. Kuma a riƙa ba wanda ke da gona da gaske, don mai unguwa ya san kowa da gonarsa.

Da damina ta zauna kuma sai matsalar ina za a sa dabbobi. Ko'ina shuka ce har bakin ƙofar gida. Burtalin da muka taso muka gani mai faɗi wanda garke zai wuce ba tare da ya taɓa gonar kowa ba, yau wannan ya ci taku biyu gobe wancan ya ci taku uku, har ya zama amalanke ma da ƙyar take wucewa, wani wurin ma an toshe shi gaba ɗaya. Makiyayar gari an yanka ta an raba, mashaya an zagaye ta da lambu. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, wato tun lokacin an hango wannan rana, amma ga inda muke. Ni manomi ne kuma ina da dabba, don haka ina ganin abin ta fuska biyu: ranar da saniyar wani ta shiga gonata ta cinye mini wake raina yana ɓaci ƙwarai, ranar da yarona ya rasa inda zai bi da shanunmu zuwa ruwa shi ma raina yana ɓaci. Wanda ya noma burtali shi ya fara jawo faɗan, wanda ya saki dabba cikin shuka da gangan ko ya ba ƙaramin yaro garken da ya fi ƙarfinsa shi ma mai laifi ne, kuma duka biyun ya kamata hukunci ya hau kansu ba tare da duba wanene ba. A sake auna burtali a kafa alamu na siminti tun da rani, kafin a yi shuka. In aka bari sai an shuka sannan a zo a ce za a tumɓuke, rigima ce kawai.

Mu da ke da 'yan kaɗan ɗaure su muke yi a turke duk damina, yara su fita da lauje da buhu su yanko ciyawa, harkiya da kyasuwa da duk abin da aka cire a gona wajen noma. Ka ga yaro ya dawo makaranta ko allo bai huta ba ya tafi yankan ciyawa, wani lokacin ma makarantar ce ke shan kashi, kuma wannan yana damuna don ba na son yaranmu su tashi ba karatu. Ga maganin feshi da ya zama ruwan dare, mutum ya fesa wa gonarsa ko gefen hanya bai gaya wa kowa ba, yaro ya yanko ciyawar ya kawo wa dabba. Turke kuma ya zama taɓo, dabba na tsaye cikin laka kwana da kwanaki, ƙofato ya ruɓe, ga kaska ga kirci ga ƙudaje. Mata su ne da tatsa da sassafe, su dafa madara su sa ta yi kindirmo su kaɗa su fitar da man shanu, abin da ake samu a nono da fura shi ke sayen gishiri da magi da sabulu a gidaje da yawa, amma in ana lissafin noma ba a cika ambatonsu ba.

Maganar lafiyar dabbobi ma haka take, lokaci. Dattawanmu har yau suna ba da labarin bushiyar da ta yi wa shanu kisan ƙare dangi a 1983, ga farin 1973 da na 1984 da suka bar mutane da igiya a hannu babu abin ɗaurawa. Amma ita bushiya allurar rigakafi ce ta kawar da ita, har a 2011 aka sanar cewa babu ita a duniya baki ɗaya. Wannan ya nuna in aka tsaya aka yi aiki da gaske ana cin nasara. Yanzu abin da ke damunmu ciwon huhu ne da boru da harbin daji da ciwon hanta ga masu kiwo a fadama. Ana yin alluran rigakafi a nan gida Najeriya, a cibiyar Vom ta jihar Filato, amma allurar tana son sanyi daga inda aka yi ta har zuwa jikin dabba, kuma ta ciwon huhu duk shekara ake maimaitawa. In an yi bana an tsallake baɗi, ko an zo rana ɗaya an tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma an ce kowa ya koro dabbobinsa, na ƙauyen nesa ba zai samu ba. Malaman dabbobi sun yi ƙaranci, waɗanda suka yi ritaya ba a cika gurbinsu yadda ya kamata ba, shi ya sa kowa ya zama likitan kansa, a je kasuwa a sayi kwalbar allura da ta wuni a rana kan tabarma, ba a san ta gaske ba ce ko jabu, a zo a tsira wa sa yadda aka ga dama, gobe a tatsi nonon saniyar da aka yi wa allura a ba yara. Boru kuwa in ya kama shanun huɗa a watan shuka, baki ya yi gyambo ƙafa ta yi gyambo, ba ci ba tafiya, to noman wannan shekarar ya tafi sai dai ka nemi na haya, na hayar ma sai ya gama tasa gonar.

Watan Agusta, lokacin marka, gona ta yi kore shar gwanin sha'awa amma rumbu babu komai. A nan ne mutum ke barin gonarsa ya tafi ƙodago gonar wani don ya samo abin da za a ci yau, tasa kuma ciyawa da wuta-wuta su cinye. A nan ne ake cin bashin buhu ɗaya a biya da fiye da haka a kaka. Gayya da aka sani a da ta yi ƙaranci, samari da yawa sun tafi Legas da Abuja da Fatakwal neman kuɗi, wasu suna dawowa shuka wasu sai dai su turo ɗan abin da ya samu ta waya.

Kaka kam alhamdu lillahi, ita ce lokacin farin ciki, yara na gasa tumu, ana girbi ana ɗaure dami ana fitar da zakka, dabbobi sun murmure gashi na sheƙi. Sai dai gero ne ke fara shiga gida, dawa da wake suna nan a gona har Nuwamba, kuma a daidai lokacin ne garkunan da suka yi damina a arewa cikin Nijar ke gangarowa. Sarakuna da hakimai su ne ya kamata su riƙa tsayar da ranar sakin gonaki a sanar a kasuwa da masallaci kowa ya ji, manomi ya san ranar da zai kwashe kayansa, makiyayi ya san ranar da zai shigo. Inda ake yin haka da gaske rigima tana raguwa. Sannan farashi: lokacin da kowa ke da bashin biya lokacin ne hatsi ke faɗuwa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, daga baya hatsi ya sauko, na birni ya ji daɗi kuma ba ma yi mashi baƙin ciki don mu ma muna da 'yan uwa a birni da ke awo, amma taki da maganin feshi da kuɗin ƙodago ba su sauko tare da shi ba. In manomi ya sayar da buhun hatsi bai iya sayen buhun taki da kuɗin ba, baɗi zai rage gona ne, kuma ƙarshenta kowa zai ji a jikinsa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci 'yan uwanmu na Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran wuraren da ke kusa da dajin Rugu. Mu nan ɓangaren Daura Allah ya rufa mana asiri da sauƙin abin, amma su abin da na lissafa duk ƙarami ne a kan abin da suka gani. Mutum ya sha wahalar bazara ya ciyar da shanunsa, dare ɗaya 'yan bindiga su zo su kore su, wani a haɗa da shi kansa, gonar nesa ta gagara zuwa. Wanda aka kore wa shanun huɗa an kashe mashi noma ne gaba ɗaya. Kuma Fulani masu zaman lafiya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa dukiya, wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙa faɗa. A 2021 har kasuwannin dabbobi aka rufe a wasu ƙananan hukumomi aka katse layin waya saboda matsalar, kowa ya ji jiki. Mu kuma na bakin iyaka, rufe boda na 2019 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023 sun taɓa mu sosai, don Kwangwalam, mashigar Nijar, ƙofar gida ce a wurinmu, dangi ne a can dangi ne a nan, dabba da hatsi da harawa kullum suna ƙetarawa.

Noman rani zai iya rage mana zaman banza da yunwar dabbobi, ga dam ɗin Sabke ga na Daberam a kusa da mu, kuma ragowar ganyen lambu da karan masara abinci ne mai kyau ga shanu a lokacin da babu komai. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce haka nesa, injin ban ruwa ya gagari ƙaramin manomi. Injin mai amfani da hasken rana shi ne mafita, rana kam Allah ya ba mu, sai dai kuɗin sayensa a dunƙule ne babu. In za a ba ƙungiyoyin manoma bashinsa su riƙa biya bayan kowane girbi, mutane za su karɓa hannu biyu.

A 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, mun ji daɗin jin haka. Roƙona gare su da gwamnatin jiha ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumominmu shi ne kada tunani ya tsaya kan manyan gonakin kiwo na masu kuɗi kawai, a tuna da mai shanu biyu da saniya ɗaya, don su ne suka fi yawa kuma su ke noma abin da ake ci. Taki da iri su iso kafin ruwa, rigakafi a bi ƙauye ƙauye a lokacin da aka tsayar duk shekara, a gyara burtsatse da mashaya tun watan Fabrairu, a auna burtali da rani.

Kai kuma Edita, dan Allah ka riƙa turo wakilinku ƙauyukanmu a watan Afrilu da Mayu, ya je bakin rijiya da asuba, ya shiga kasuwar dabbobi da ta harawa ya tambayi farashi, ya zauna da mata masu tatsa da yara masu kiwo ya ji daga bakinsu, sannan ya koma ya tambayi masu ruwa da tsaki ina aka kwana kan takin bana tun kafin hadari ya haɗu. Na gode da ba ni wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.

Naka,
Wani manomi mai kiwo,
daga ƙasar Daura, Jihar Katsina.